Kek Na Goma Sha Huɗu

"Ba za ki aure shi ba, Dorte. Muddin ni na haife ki, ba za ki aure shi ba."

Matata Botilde ce ta faɗi haka, tana murza ƙullu a kicin kamar ƙullun ne ya yi mata laifi.

Dorte na tsaye jikin ƙofa, ko rigar ruwanta ba ta cire ba. Ita kaɗai Allah ya ba mu. Shekararta arba'in da ɗaya, malamar ƙananan yara ce, kuma tun da take ban taɓa jin ta ɗaga wa uwarta murya ba. Ran nan kuwa idanunta sun kaɗa sun yi jawur.

"Mama, me ya yi miki? Ciwo laifi ne?"

"Ban ce laifi ne ba."

"To kek ne? Har yanzu maganar kek ɗin nan ce?"

Botilde ta maka ƙullun a kan tebur, gari ya tashi.

Bari in tsaya nan in gaya muku ko ni wane ne, don kada ku ɗauka wani tsoho ne kawai mai ɗumama ƙafa a bakin murhu. Asmus ke nan. Ku shiga duk ƙauyen da kuka ga dama a fadamun Tonder ku ambaci sunan, za a nuna muku gidana. Aji huɗu na yi a makaranta na gudu kiwon tumaki a kan ganuwar teku, kuma har yau ban ga abin da na rasa ba. Shekarar da teku ta fasa ganuwa ta ɗauke ni, ɗanɗana ni ta yi ta tofar. Daga baya ciwon daji ya kama ni a wani ɗan nama da ke kwance bayan tumbi, wanda likitoci ke kira fankiriyas. Ciwon da ake cewa in ya kama mutum a fara auna masa akwati. Aka buɗe ni kamar buhun dankali, aka kwashe abin da za a kwashe, aka ɗinke. Shekara goma sha biyu ke nan. Kafintan da ke auna akwatin ma na je jana'izarsa.

To, maganar kek.

Kun san teburin gahawa irin namu. Kek bakwai masu laushi, bakwai busassu, a zagayo da su ɗaya bayan ɗaya, kuma baƙo ba ya tsallake ko guda. Ka ce ka ƙoshi a tsakiya, daidai yake da ka mari matar gida a gaban maƙwabta. A duk yankinmu kuwa babu teburin da ya kama ƙafar na Botilde. Ni kaɗai ke da gata. Ina da farantina shuɗi mai ɗan tsagu a baki. Tun da aka yi mini aiki cikina ba ya ɗaukar maiƙo da yawa, sai take yanko mini kowane kek kamar farcen babban yatsa, ta jera sha huɗun nan reras, ta ajiye mini kafso biyu masu narkar da abinci a gefe. Ko sarki a fadarsa ba a yi masa wannan hidimar.

Ranar da Dorte za ta kawo Nis a gan shi, Botilde ta gasa duk abin da ta iya. Nis mai baibayar jinka ne, dogo, marar surutu, shekara arba'in da shida bai taɓa aure ba, sai ka ce Dorte yake jira. Aka gayyaci maƙwabta. Aka gayyaci Laust, mai garken shanun da ke kawo wa Botilde kirim, wanda tun rasuwar matarsa yake zagayen Dorte kamar kyanwa da kwanon madara.

Laust ya cinye sha huɗu, ya nemi ƙari.

Nis a na uku ya tsaya. Na ukun nan kuwa shi ne kek ɗin baƙin burodi mai kirim, wanda Botilde ta gada wurin kakarta. Ya ture farantin a hankali ya ce, "Na gode, Botilde. Na ƙoshi."



Kowa farantin yake kallo. Ni idonsa nake kallo. Hasken taga ya faɗo masa a fuska, na ga farin idon ya koma rawaya kamar kwanduwar ƙwai. Na ga yana sosa hannu ta ƙarƙashin tebur. Gabana ya faɗi, ni da teku ma ba ta faɗar mini da gaba ba.

Da ya fita na bi shi.

"Kai, mai jinka. Fitsarinka wace kala?"

"Haba Asmus! Wace irin tambaya ce wannan a gidan surukai?"

"Kamar gahawar da ka sha yanzu, ko?"

Ya kau da ido.

"Bel ɗin nan naka, huda nawa ka ƙara masa?"

Ya sunkuyar da kai. "Biyu."

"Gobe da safe ka zo da motarka. Asibiti za mu."

Aka ɗauki hoton ciki, aka yi gwaje-gwaje. Abin da ya kama ni shi ya kama shi, kuma a wuri ɗaya. Abin da ya tara mu a kicin ke nan.

Botilde ta goge hannu a zanin girkinta, ta juyo.

"Ba kek ba ne, 'yar nan. Da kek ne, na yafe tun ranar da aka ce ciwo ne ya hana shi ci. Ubanki yana zagaya ƙauye yana ɗage riga yana nuna wa mutane tabo. Ni wa na taɓa nuna wa nawa? Ni na riƙe masa roba yana amai. Ni na wanke zanin gado har hannuna ya tsage. Mutumin da ke saɓa rago a kafaɗa ya koma ina ɗaga shi kamar ɗan tsako."

"Ni fa ban yi wani amai sosai ba," na ce.

"Rufe mana baki, Asmus."

Na rufe. Jarumi ya san inda ake ja da baya.

"Ni sai da na ci shekara talatin na daɗi da shi kafin wahalar ta zo. Ke da wahalar za ki fara, kuma ba ki san ko akwai daɗi a bayanta ba. Ga Laust nan, lafiyayye kamar bijiminsa, ga gida, ga..."

"Ba na son Laust."

"So ba ya riƙe robar amai."

"So ɗin ne ya riƙe miki taki robar, Mama."



Hawaye suka gangaro wa Dorte, ba ta share ba. Ta sa hannu a aljihun rigar ruwan ta fito da shi a dunƙule.

"Amma ki kwantar da hankalinki. Ba sai kin hana ni ba. Ya riga ki."

Ta buɗe tafin hannunta. Zoben baikonsa ne.

"Ya ce ba zai yarda a yi masa aikin ba. Ya ce in auri mai shanu."

*

Ranar da Nis zai koma asibitin birnin Odense ganin likitar tiyata, Dorte ta ce ko da zobe ko babu sai ta raka shi. Ni ban jira gayyata ba. Kafin su ankara ina kujerar baya da hulata a gwiwa.

Likita Hedvig ce, wadda ta yi mini aiki. 'Yar ƙaramar mace, gashinta ya yi fari yanzu, hannayenta ƙanana kamar na 'yar makaranta. In kun ga hannayen nan ba za ku ba ta yankan albasa ba. Amma sun shiga cikina tun safe, ba su fito ba sai yamma, kuma ko zare ɗaya ba su kuskure ba. Abu biyu nake cire wa hula a duniya, teku da matar nan. Botilde ba hula take so in cire ba, takalmi ne a bakin ƙofa.

"Asmus! Har yanzu kana nan?"

"Ina zan je, Likita? Aikinki ne ya ƙi lalacewa."

"Kada ka ɗage mini riga. Na san tabon, ni na zana shi."

Ta jawo takarda ta zana abu kamar kifi a kwance, ta juya wa Nis.

"Ga naman. Ga kai, ga jiki, ga jela. In ciwon a jela yake, sai mu yanke jelar tare da saifa, aikin da sauƙi. In ya ci naman ko'ina, sai mu cire shi dukansa, mutum ya zauna da allurar sukari har ƙarshen rayuwarsa. Naka a kai yake, kamar na tsohon nan. Kan kuwa a mararraba yake zaune. Dole mu cire shi tare da maɗaciya da farkon hanji, wani lokaci har da gefen tumbi, sannan mu jawo hanji sama mu haɗa shi wuri uku."

"Wuri uku," na ce wa Nis. "Kuma ko ɗaya ba ya yoyo. Taɓa ka ji."

"Asmus."

"Na yi shiru, Likita."

Ta ɗora bakin alƙalami a kan wani layi da ta ja ta bayan kifin.

"Ga inda gizo ke saƙa. Naka ya jingina da babbar jijiyar da ke kai jini hanta. Ba zan taɓa shi yanzu ba. Mun riga mun sa maka ɗan bututu ya buɗe hanyar maɗaciya, shi ya sa idonka ya fara washewa. Daga nan hanya biyu ce. Ko ka yi watanni ana ɗura maka magani mai ƙarfi don ciwon ya ja baya daga jijiyar, sannan in buɗe ka. Ko mu tsaya a bututun, mu kula da kai kada ka sha zafi, iya kwanakin da suka rage."

Nis ya daɗe yana kallon kifin.

"In kin buɗe, tabbas za ki cire?"

"Babu tabbas. Wani lokaci in na buɗe sai in tarar ya yi 'ya'ya a hanta, ko ya naɗe jijiyar. In haka ne, rufewa nake yi." Ba ta kau da ido ba, ba ta sassauta murya ba. Abin da nake so da ita ke nan, ba ta shafa wa magana zuma. "Cikin mutum biyar masu wannan ciwo, kusan ɗaya ne ke isowa gadon aikina. Kai kana bakin ƙofa, Nis. Ka je ka yi tunani."

"Na yi. A bar ni da bututun."

Dorte ta dafe ƙirji.

Muka fito wurin ajiye motoci. Iska na kaɗa mata gashi. Ta tare ƙofar motar da jikinta.

"Me ya sa, Nis? Kalle ni ka gaya mini me ya sa."

"Dorte, ni mai jinka ne. In na hau rufi na soka hannu na ji itacen ƙasa ya ruɓe, ba na ɗora sabuwar ciyawa a kai. Gaskiya nake gaya wa mai gida."

"Ni ba mai gidan da ya kira ka gyara ba ce. Ni ce zan kwana a ɗakin."

"Za ki kwana ruwa na zuba a kanki."

"Sai in tara kwano. Ina ruwanka da kwanona?"

"Kada ki yi mini haka."

"Kai me ka yi mini? Shekara arba'in ina zaune, yaran mutane na raina, bikin mutane na je. Sai da na fid da rai ka hau rufin makarantarmu. Yanzu kuma ka miƙo mini zobe kamar canjin burodi, ka ce in je in auri mai shanu? Ni kaya ce?"

Ta fashe da kuka. Shi ma idonsa ya ciko, ya juya yana kallon fitilar titi.

"Uwarki gaskiya ta faɗa. Na ga fuskarta ran nan. Na ci mutuncin teburinta a gaban jama'a, yanzu kuma in dawo in ɗauke mata 'ya in mai da ita mai jinya? Ba zan shiga gidan nan ta taga ba."

"In ta buɗe maka ƙofa fa?"

"Botilde? Ai teku ta fi ta saurin janyewa."

Na ga lokacina ya yi. Na ɗage riga har wuya, duk da sanyin.

"Asmus, na gani," ya ce. "Duk ƙauye an gani. Fasto ma ya gani."

"Sake gani. Wannan hanyar da ka ga ta ratsa cikina, ni na bi ta, kuma ga ni."

"Kai da wadda take jiranka a gida ka shiga."

"Kai kuma wannan da ta tare maka mota, itace ce?"

"Ba da yardar uwarta ba."

Haka muka dawo, mutum uku a mota ɗaya, babu mai tari. Da ya sauke mu, motar Laust ce a ƙofar gidanmu. Botilde na tsaye a kan dakali da tulun kirim a hannu.

"Ran Lahadi akwai tebur," ta ce, ba ta kalli Dorte ba. "Laust yana da magana."

*

Laust ba mugun mutum ba ne, kada ku ce na ce. Mutum ne da ya fi daɗewa da shanu fiye da mutane.

Ya zo da kwat sabuwa, ya tsaga gashi. Dorte na zaune kamar gunki, abin da aka ɗora mata a faranti yana nan yadda aka ɗora. Ni ina gefe da shuɗin farantina. Maƙwabta sun cika ɗakin, kowa ya san abin da ya kawo shi.

Ana kan kek na shida wata maƙwabciya ta ce, "Ya jikin mai jinka? An ce ya ƙi aiki."

Laust ya girgiza kai, kirim a leɓensa.

"Allah sarki. Mutumin kirki. Amma ni na ce ya yi hankali. Ɗaya cikin biyar fa aka ce. Ni a garkena in saniya ta kai nan, ba na kiran likitan dabbobi. Motar mahauta nake kira. Ba mugunta ba ce, rage wa kowa wahala ne. Me za a yi da ɓata abinci a kan wadda ba za ta tashi ba?"

Ya kai cokali baki.

Botilde na tsaye a bayansa da tiren kek na bakwai. Na ga tiren ya tsaya cak.

"Maimaita, Laust."

"Cewa na yi ba mugunta ba ce..."

"Na ji wannan. Na taɓa jin ta ma. A bakin coci aka gaya mini, lokacin da mutumin nan yake kwance. Aka ce, Botilde, ki daina ɓata man shanu a kansa." Ta nuna ni da haɓa. "Ga saniyar can zaune tana lasar yatsa."

"Bijimi dai," na ce.

Babu wanda ya yi dariya.

Ta ajiye tiren. Sannan ta yi abin da tun da aka gina ganuwar teku ban ji wata matar gida ta yi ba. Ta sa hannu ta ɗauke faranti daga gaban baƙo, da kek a kai.

"Botilde, ban gama ba."

"Ka gama."

Laust ya dubi jama'a, jama'a suka dubi gahawarsu. Ya tashi, ya ɗauki hularsa, ya fita yana laluben abin da ya faɗa ba daidai ba.

Botilde ta juyo kaina.

"Asmus, sa takalminka. Mai jinka yana kan rufin gidan fasto, ko Lahadi ba ya ji. Sauko mini da shi."

Na same shi a saman tsani, da damin ciyawa a kafaɗa.

"Sauko. Ta ce ka zo."

"In yi me?"

"Ni na sani? Shekara arba'in da biyu ban taɓa tambayarta dalili ba, kai za ka fara?"

Ya shigo da kayan aikinsa, ciyawa a gashi. Babu wanda ya motsa daga kujerarsa. Botilde ta nuna masa kujerar da Laust ya bari, ta shige kicin. Da ta fito, me zan gani a hannunta?

Shuɗin faranti. Mai tsagu a baki.

"Botilde! Wannan ai nawa ne!"

"Kai ka ci rabonka."

Ta ajiye a gabansa. Ƙananan yanka jere reras, kowane kamar farcen babban yatsa, kafso biyu a gefe.

"Haɗiyi waɗannan tukuna. Sannan ka fara daga hagu."

Nis ya dubi farantin, ya dubi Dorte, ya ɗauki cokali. Na ɗaya. Na biyu. Da ya zo kan na uku, baƙin burodin nan mai kirim, sai ya dakata. Ya rufe ido ya ci.

"Da daɗi," ya ce. "Ran nan ma da daɗi."

"Na sani. Ci gaba."

Ya ci gaba har farantin ya koma fes. Sai ya ɗago.

"Sha uku ne."

"Na iya ƙirga."

Na ƙarshen ne babu, busasshen nan zagayayye da ake rufe tebur da shi.

"Ba a tashi daga teburina ba a gama ba, kai ma ka sani," ta ce. "Sau ɗaya ka yi mini, na haƙura. Na sha huɗu yana wurina. Ka je a ɗura maka maganin. Ka je matar nan ta buɗe ka ta gyara abin da za ta gyara. Ka dawo ka ci. Ranar da ka ci, ranar za mu je wurin fasto a ɗaura aure."

"In ban dawo ba fa?"

"To ka ci mutuncina sau biyu ke nan. Kuma ba zan yafe ba, Nis. Wallahi ba zan yafe ba."

Dorte ta tashi, ta zagayo, ta ajiye zoben a gefen farantin. Ya ɗauka ya sa, zoben ya sulale ya faɗo, don yatsan ya rame. Botilde ta tsinko zaren ɗaurin nama daga aljihun zanin girkinta, ta naɗa a cikin zoben, ta cusa masa da ƙarfi.

"In ka yi ƙiba ma warware."

*

Watannin maganin ba zan ba ku labarinsu ba. Wanda ya sha ya sani, wanda bai sha ba kada Allah ya ɗanɗana masa. Gashin Nis ya zube, Dorte ta riƙe roba, Botilde ta dafa miya. Ni kuma na riƙa zuwa ina ba shi labarin yadda na yi nawa ba tare da ko nishi ba, yana cewa, "Asmus, don Allah tafi gida."

Aka sake hoto. Ciwon ya ja baya daga jijiyar. Likita Hedvig ta sa rana.

Ranar aikin Dorte ta raka shi har ƙofar ɗakin tiyata, aka ce ta koma gida, likita za ta kira. Ta dawo ta ajiye wayarta a tsakiyar teburin kicin ta zuba mata ido.

"Allah sa ta kira da wuri," ta ce.

"Tofar da yawun!" Botilde ta daka mata tsawa. Sai kuma ta sassauta, ta zauna kusa da ita. "Saurara, 'yar nan. In ta kira da hantsi, buɗewa ta yi ta rufe. In rana ta yi nisa shiru, aiki take yi. Yau ki roƙi Allah wayar nan ta yi shiru. Ni a kujerar nan na koyi haka."

Ta tashi ta kunna tanda, ta fara kwaɓa busasshen kek.

Hantsi ya ɗaga. Wayar ta yi ƙara.

Dorte ta ƙwalla ihu ta toshe kunnuwa. Ludayi ya faɗi daga hannun Botilde. Babu mai iya miƙa hannu. Wa ya rage? Wanda teku ta tofar. Na ɗauka.

"Asmus? Laust ne. Na kira Botilde ba ta ɗauka ba. Cewa na yi in ji ya jikin mai jinka, kuma ko ana son kirim..."

"Laust, in ka sake kiran layin nan yau, motar mahauta zan turo maka."

Na kashe. Botilde ta zauna a ƙasa tana dariya tana kuka.

Rana ta take tsaka, shiru. Ta karkata, shiru. Kek ya gasu, ya huce. Ban taɓa jin shiru mai daɗi irin na ran nan ba. Ina zaune ina tuna 'yan hannayen nan a cikin mai jinka, suna kwance abin da ya naɗe, suna ɗinke hanya uku da zaren da ido ba ya gani. Ita ma baibaya take yi, sai dai daga ciki.

Tumaki sun fara gangarowa daga ganuwa lokacin da wayar ta sake ƙara.

Wannan karon Dorte ce ta ɗauka. Ta buɗe murya don mu ji.

"Hedvig ce. Ciwon ya fita, dukansa. Sai da na yanke guntun jijiyar na ɗinke. Nis yana barci. Akwai sauran tafiya, akwai sauran magani, ban yi miki alkawarin komai ba. Amma yau ban fito hannu wofi ba."

Dorte ta zube a jikin uwarta. Botilde ta karɓi wayar.

"Likita, yaushe zai iya cin kek?"

"Kek?" Muka ji ta yi dariyar gajiya. "Ba yanzu ba. Sai bayan makonni, kuma ɗan mitsitsi."

"Na san girman. Busasshe ne, zai jira."

Ta zaɓi mafi kyau a cikin waɗanda ta gasa, ta sa a gwangwani, ta rufe. Ta ɗauko shuɗin farantin, ta wanke, ta goge, ta ɗora shi can saman kanta tare da gwangwanin, inda hannuna ba ya kai.

"Botilde, farantina fa?"

"Shekara goma sha biyu kana cika wa mutane kunne ka warke. Warkakke me zai yi da faranti?"



Da muka zauna shan gahawa, ta turo mini wani farin faranti da ban taɓa gani ba. An yanka ƙanana kamar kullum, kafso biyu a gefe.